Ranar Rusau Kowa Injiniya Ne

Mutumin da zai shafe wata da watanni yana binciken magini nagari, shi ne zai ba da kwangilar rushe garejinsa a tsaye, tsakanin Magariba da Isha'i. Hujjarsa ita ce fasa abu ba ya buƙatar karatu. Duk mai guduma da ƙwanji ya cancanta, balle in ƙanen uwargida ne da ke zaman kashe wando.

Cinikin ma abin kallo ne. Alhaji yana kukan babu, ɗan kwangila yana ta "Allah ya ƙara arziki, ranka ya daɗe," amma idonsa na kan rufi. Yana ƙirga kwano, yana auna kaurin rodi, yana lissafin abin da ƙofar ƙarfen nan za ta kawo a kasuwar Ƙofar Ruwa. Can sai ya ce, "Alhaji, bar maganar kuɗi, a dai bar mana tarkacen." Kowa ya koma gida yana murna ya yi wa ɗan'uwansa wayo.

Masu sana'ar na gaske suna da ƙa'ida. A kira ma'aikatan KEDCO su yanke wuta, a rufe famfo, a kwance kwano da tagogi, a yayyafa ruwa saboda ƙura, sannan a bi bulo daga sama, layi bayan layi. Namu gwanin bai ga ta wannan zama ba. Gindin bango yake sara da diga, ya ja da baya ya daka tsawa, "Ku tura!" Shi kuwa bango, da yake ba a yi shawara da shi ba, sai ya zaɓi gidan maƙwabci. A cikin birni ma, inda gida biyu ke jingine da katanga ɗaya, Malam yana tsaka da cin tuwo zai ga titi ya shigo masa tsakar gida.

Mai son burga katafila yake ɗaukowa haya, a lungun da adaidaita sahu ma sai da dabara take shiga. Direba ya kutsa da ƙyar, ya hau kan tsohon masai da kowa ya manta da shi, gefe guda ya nutse. Daga nan aiki ya koma neman wata katafilar da za ta ciro ta farko.

Duk wannan a gaban kwamitin ƙwararru ake yi: mai shayi, mai faci, da dattijon da bai taɓa riƙe shebur ba. "Ta hagu za ka buga!" "Kai, ta dama!" Da an yi ɓarna, baki ya zo ɗaya: "Ai sai da na faɗa." Bayansu kuma ga matasa da buhuna suna jiran ganima, kamar yadda aka gani lokacin rusau na Kano a 2023.

Washegari kwano da rodi sun yi ɓatan dabo, wayar ɗan kwangila a kashe. Ɓaraguzai sun toshe kwata, ga damina ta kawo jiki. A gaban mai unguwa Alhaji ya amince zai gina wa maƙwabci katanga, ya biya kuɗin akuyar da bango ya danne, yana ta rantsuwa ya daina harka da 'yan araha. Da aka tashi, sai ya ja mai unguwa gefe.

"Ranka ya daɗe, ko ka san wani yaro mai sauƙin kuɗi da zai kwashe min ƙasar nan?"