Jinsunan Fasinjoji a Jirgin Ƙasan Filin Jirgin Sama na Abuja

Tun da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta cikin Abuja ranar 12 ga Yuli 2018, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya shimfiɗa daga tsakiyar birni, ta bi ta Kukwaba da Wupa da Idu da Bassanjiwa har ta tuƙe a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, wadda kuma ta yi dogon barci tun annobar korona ta 2020 sai a watan Mayu na 2024 aka tashe ta, masu nazarin halayen bani Adama suka sami makarantar da ba a rufe ƙofarta ga kowa. Dalili kuwa, a tarago guda ake haɗa wanda zai kwana a Jidda da wanda zai kwana a Kubwa, kowanne da ɗabi'ar da Allah ya hore masa.

Jinsi na farko shi ne ma'abocin gaggawa, wanda jirginsa na sama ya kusa tashi alhali shi yana ƙasa. Alamarsa ba ta ɓuya, domin ko da kujeru sun yi yawa ba ya zama, sai ya tsaya bakin ƙofa tun daga Kukwaba, ido ɗaya a agogo ɗaya a taga, bisa wani i'itiƙadi da ba shi da asali a kowace mazhaba, cewa tsayuwar fasinja tana ƙara wa jirgi gudu. Duk tashar da aka tsaya sai ya yi tsaki, ya dubi masu shigowa duban waɗanda suka zalunce shi, ya manta cewa shi ne ya tsaya shan shayi a gida.

Na biyu su ne 'yan rakiya, waɗanda a kan sami goma sha biyu daga cikinsu a bayan matafiyi guda mai niyyar Umra. Shi bawan Allah yana zaune shiru da fasfo a aljihun gaba, yana shafa shi lokaci lokaci don ya tabbata bai yi ƙafa ba, su kuwa sun kewaye shi da wasiyyoyi. Wannan ya ce, "Alhaji, a sa mu a addu'a," wancan ya ce, "Kawu, kada a manta da zamzam da dabino," wata gwaggo kuma tana ƙoƙarin kwatanta masa launin dardumar da take so da gefen mayafin wata baƙuwa. Da za a tara saƙonnin nan a auna, lalle da sai an yi musu hayar jirgi na dabam.

Na uku ita ce Hajiya mai kaya, wadda ta sauko daga jirgin Kaduna a Idu, mahaɗar hanyoyin biyu, da jakunkunan bakko cike da kilishi da kuka da daddawa da yaji, za ta kai wa ɗanta da ke karatu a Ingila. An sha gaya mata cewa kowace jaka ba za ta wuce kilo 23 ba, amma ita a wurinta wannan magana ra'ayi ce ba nassi ba, ta kuma tanadi hujjojin da za ta kafa wa mai sikeli, mafi ƙarfinsu shi ne cewa yaron ya rame a hoto.

Na huɗu shi ne masani, wanda ya taɓa ganin jiragen ƙasan Dubai da Landan, ko kuwa ya ga wanda ya gani. Ba a tambayarsa yake ba da fatawa. Shi ya san an ba da kwangilar aikin tun 2007, ya san bashin da aka ciwo daga Sin, ya san kuma yadda da shi aka ba aikin da ya gama shi cikin wata shida. In ya yi katari da wani malami a kusa, sai mas'ala ta koma ta fiƙihu, ko ya halatta a yi ƙasaru a wannan tafiya. Malam ya amsa cewa a wurin Malikiyya sai tafiya ta kai mil 48, hanyar nan kuwa duk da reshenta na Gbazango ba ta fi kimanin kilomita 45 ba, saboda haka mai komawa gida ya cika sallarsa. Masani ya ce, "Allah gafarta Malam, to wanda zai zarce Jidda fa?" Kafin a warware wannan, an wuce Bassanjiwa.

Na biyar shi ne ɗan shan iska, jinsin da ya yawaita ainun a 2024 lokacin da gwamnati ta ce a hau kyauta har ƙarshen shekara. Ba shi da jirgin da zai hau, ba shi da baƙon da zai tara, amma ya ci ado ya fesa turare, yana ɗaukar kansa hoto, in an kira shi a waya ya ɗaga murya ya ce, "Wallahi ina hanyar filin jirgi, sai na dawo." Mai tsananin wara'i ma ba zai iya kama shi da ƙarya ba, domin kuwa filin jirgin zai je, zai kuma dawo, a cikin taragon da ya kai shi.

Na shida, wanda ya fi cancantar girmamawa, shi ne ma'aikacin filin jirgi, mai shara ko mai ɗaukar kaya ko mai gadi, wanda ya fito daga Kubwa ko Deidei tun da duhun asuba ya sauya jirgi a Idu. Da ya zauna sai barci, ba ya kuwa farkawa sai daidai tasharsa, ba tare da wani ya taɓa shi ba, abin da ya kusa zama karama. Ya san lokacin tashin kowane jirgin sama da jin ƙararsa kawai, bai kuwa taɓa shiga ko ɗaya ba, kuma ba a taɓa jin ya yi wa kowa sharhi a kai ba.

Akwai jinsi na bakwai, sai dai siffanta shi yana da wuya saboda ƙarancin ganinsa, wato babban mutum, wanda filin jirgi ya zame masa tamkar zauren gidansa. Shi ana riwayar cewa yakan hau jirgin nan ranar bikin buɗewa, ya yaba da sanyin taragon a gaban 'yan jarida, ya yi wa talakawa nasiha da su riƙa amfani da shi. Daga ranar kuwa duk mai son ganinsa sai ya je bakin titin Umaru Musa 'Yar'aduwa ya saurari jiniya.