Zuwa Ga Bawana Bazazzagi Mai Jirgin Katako

 Labari ya iso Kano cewa ka gama harhaɗa gangar jikin jirginka, har kana shiga ciki bayan la'asar kana kwaikwayon kukan inji da baki. Ka ce wa maƙwabta jini ne, tunda makarantar koyon tuƙin jirgin sama tana Zariya tun 1964. To, wucewa ta bakin ƙofarta a kan acaɓa ba ya mai da mutum matuƙi.

Zanen da ka ɗauko na san shi. Na Bernard Pietenpol ne, wani makanike na jihar Minnesota a Amurka, wanda ya ɗaura wa jirginsa injin motar Ford Model A ya tashi a 1929. Shi da katakon spruce ya yi nasa, mara nauyi, mai miƙaƙƙiyar jijiya. Kai kuwa an ce daga kasuwar 'yan katako ta Sabon Gari ka lodo naka, ka zaɓa da ido da ƙwanƙwasawa.

Bari ubangidanka ya taimake ka, ko ba ka roƙa ba. Waje ka dage kana gogewa da sanfefa don 'yan kallo, alhali aikin yana ciki. Kowane lungu sai ya sha banish kafin ka rufe shi da filawud, don wurin da burushi bai taɓa ba nan danshi zai kwana. Amma kada banish ya taɓa inda za ka sa gam, ba zai kama ba. Ka kuma huda 'yan ƙananan ramuka a ƙasan gangar, ruwa ya samu hanyar fita. Katakon da ka haɗa da damina, in hunturu ya busa zai tsuke, ka ji shi yana ƙara cikin dare. Ingila ma, da duk injiniyoyinta, jirginta na katako mai suna Mosquito ya ba ta wahala a zafi da danshin Indiya lokacin yaƙin duniya na biyu, balle kai da garar Tudun Wada ta riga ta yi maka rajista.

Sai maganar fenti. Na san Bazazzagi da son ado, za ka so ka yi shafi bakwai har da zanen dagi. Kowane shafi nauyi ne, kuma nauyin da ya taru wajen wutsiya shi ne mugu. A wannan jirgin matuƙi a kujerar baya yake zama. Ka dubi tumbinka, ka dubi wutsiyar, ka yi lissafi tsakaninka da Allah.

Kada kuma ka zo mana da alfahari. Jiragen farko da suka sauka a ƙasar nan Kano suka zaɓa, a 1925, guda uku na sojan saman Ingila daga Masar, su ma katako ne da ƙyalle. Mun ga abin tun kakanninku na tsammanin shaho ne.

Tambaya ɗaya ta rage: ka auna faɗin ƙofar zauren kafin ka fara? In ya ƙi fita, kada ka rushe gidan gado. Aiko mini, zan saya a farashin itacen girki, kajin uwargida suna neman akurki. Kuɗin mota kuma a kanka.