Saura Kilomita 81

Mu a Gaya ba mu saba da mota mai garanti ba. Motocinmu 'yan Kwatano ne, sun gama cin ƙuruciyarsu a Beljiyam kafin su iso mana, garantinsu kuwa yakan ƙare daidai lokacin da dillali ya gama ƙirga kuɗinsa. Shi ya sa da Baffana ya sayar da riɗi ya sayo akori-kura sabuwa dal mai ja da ƙafa huɗu, aka haɗo shi da wani ɗan littafi mai shuɗin bango, bai ko tambayi na mene ne ba. Motar ta shiga bauta: gero daga Kademi, taki zuwa Toranke da Balare ta wajen Ajingi, raguna zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a, amare kuwa duk ranar da Allah ya kawo su.

A daminar bana ta fara kuka ta baya. Wani gurnani ne siriri, in direba ya taka mai ya tashi, in ya ɗaga ƙafa ya lafa. Direba ya ce taya ce. Gwaggo ta ce bakin mutane ne. Ni kuma, da yake ni ne ɗan bokon gida, sai na tuna da littafin nan, na karɓa na karanta shafin farko. Garanti shekara 3 ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Na leƙa agogon mota, na ga 99,919. Daga Gaya zuwa Kano kuwa sittin ne da 'yan kai.

"Wato in yau ta lalace, su ne da gyara?" in ji Baffa.

"Haka takarda ta ce, Baffa."

"In ta cika dubu ɗari fa?"

"Sai aljihunku."

Tun da aka sayi motar nan ban taɓa ganin Baffa yana fatan a samu ɓarna a jikinta ba sai ranar. Ya zare makulli ya soke a hularsa, ya ce ko akuya ta jingina da motar ya ji labari. Gwaggo tana da suna a Ajingi, ta ci ado ta fito da kwanukanta, aka ce mata mota na hutu. A ɗan acaɓa ta tafi, abin da ta faɗa a kan boko da 'yan boko kuwa ba zai rubutu ba. Wani maƙwabci ya kawo shawarar a tafi Kano da baya da baya, wai lambar sai ta riƙa raguwa. Direba ya ce agogon zamani ko ta ina ka nufa ƙirgawa yake. Wani ya ce a cire waya. Baffa ya tambaya ko kamfani za su gane, da aka ce za su gane sai ya ce ai ha'inci haramun ne.

Mota ba za ta je wurin bakanike ba, don haka bakanike ya zo wurin mota, da sifanoninsa a buhun taki. Mutumin Gaya ba a koya masa ƙarfe. Tarihi ma ya ce maƙerin nan Kano, wanda birni ya ci sunansa, daga nan ya tashi zuwa Dala neman tama. Bakaniken ya saurari direba yana kwaikwayon kukan da baki, ya ce difarenshal ne. Har ya durƙusa zai shiga, Baffa ya daka masa tsawa: kada hannun wani bakanike ya taɓa ta, kamfani su ce an yi musu katsalandan. Ni dai ba bakanike ba ne, kuma ni na tayar da maganar. Ranar Juma'a ce, farar shadda ce a jikina.

Aka shimfiɗa buhu na kwanta rigingine, bakanike ya tsuguna yana ba da darasi. Kumburarren ƙarfen nan da ke tsakanin ƙafafun baya, in ji shi, shi ke raba wa tayoyi ƙarfin inji. In mota ta sha kwana, tayar waje tana da tafiya mai nisa fiye da ta ciki, dole ta fi ta gudu. Haƙoran da ke cikin nan su ke ba kowacce damar juyawa gwargwadon rabonta. Ba su da abinci sai man giya mai kauri. Murfi biyu ne, na zubawa a gefe, na tsiyayewa a ƙasa.

"Na sama za ka fara kwancewa, Malam. Wanda ya fara da na ƙasa, mai ya tsiyaye, sannan na sama ya ƙi buɗuwa, ya ajiye mota ke nan. In ka buɗe ka zura ɗan yatsa. Mai lafiyayye iyakarsa bakin ramin, ba ya zubowa."

Ban kai ga zura yatsa ba. Murfin na fita, abin ya yo ambaliya ta hannun riga, ya bi haɓa ya gangara wuya. Launinsa kamar shayin da aka cika wa madara, warinsa kuwa na ruɓaɓɓen ƙwai, wai sinadarin farar wuta ne da ake sa wa man giya. Na yunƙura zan tashi, goshina ya gaisa da ƙarfe. Yaran unguwa da suka kewaye mota suka ɗauki shewa.

Bakanike ko a jikinsa, murna ma yake. Ya ce ruwa ne ya shiga, shi ya ƙara wa man yawa har ya wuce bakinsa. Ya sa ni na lalubi saman ƙarfen, na taɓo wani ɗan hanci da iska ke fita ta cikinsa in ciki ya ɗau zafi. Zanzaro ya yaɓe shi da laka tsaf. Ƙarfe mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi, iskar ciki takan tsuke, in hanci a toshe yake sai ya zuƙo ruwa ta bakin roba. Duk muka juya muka dubi direba. Ya ce shi dai ruwan da ya ratsa a fadama bai wuce gwiwa ba. Bai faɗi gwiwar wa ba.

Bakanike ya ce a juye man nan take. Baffa ya ce a'a, a mayar da murfi, shaida ce za a kai wa kamfani. Sallar Juma'a a sahun ƙarshe na yi ta, kuma ban taɓa samun fili irin na ranar ba.

Litinin da asuba muka kama hanya. Direba bai bar kwana ko ɗaya bai yanke ta ba, Baffa kuwa bai ga gadar Wudil ba, idonsa na kan agogo yana salati duk sanda lamba ta juya. Muka wuce Mariri, muka shiga harabar kamfanin da 'yar ragowarmu a hannu. Baffa ya fito yana gyara babbar riga.

Wani saurayi mai lakatayi ya karɓi littafin cikin ladabi, ya wuce shafin da na karanta, ya buɗe na gaba. Gidaje ne aka zana jere, kowane da gurbin tambarin kamfani na duk sabis ɗin da aka yi. Babu gidan da yake fanko. Baffa ya cike su da ajami: wane buhu biyu na gero, wane rabin buhun wake sai kaka.

"Alhaji, ina tambarin sabis?"

"Sabis ana yi, yaro. A Gaya, ƙarƙashin dalbejiya."

Saurayin ya yi bayani a hankali cewa garanti na aibin da mota ta fito da shi daga masana'anta ne, da sharaɗin a wurinsu ake sabis, ruwa kuma ba ya ciki ko da tambari ya cika littafi. Baffa ya ce ruwan sama dai ba shi ya saukar ba. Saurayin ya amince da haka, sannan ya rubuta abin da za su caja in su za su duba. Baffa ya karanta, ya miƙe, ya yi musu fatan alheri.

A Ƙofar Ruwa muka sayi man giya lamba 80W-90. Da yamma bakanikenmu ya shiga ƙarƙashin mota da kansa, ya kwance murfin ƙasa ya nuna mana maganaɗisun da ke jikinsa: baƙin gari ne mai laushi, babu ɓarɓashin haƙori, ya ce an auna arziki. Ya fasa ginin zanzaro, ya jona wa hancin tiyo ya ɗaure shi can sama, ya duba na ƙafar gaba ya same shi lafiya. Kukan ya ragu, ragowar kuma Baffa yakan ƙara rediyo.

Bayan isha'i Baffa ya aiko a kira ni, wai in kawo littafi zai duba bashin wani mutumin Balare. Na ce ai a hannunsa na gan shi. Ya ce a'a, a teburin yaron nan mai lakatayi ya bar shi, kuma bashin mutum goma sha ne a ciki. Da safe ya ba ni kuɗin motar haya, na zuwa kawai, ya ce tasa ba ta da man zirga-zirga.