Mu da Kotun Tsakar Gida

Mu nan Dodoru, yaro bai isa ya yi susa sau biyu ba sai an kafa kotu a tsakar gida, kuma kullum kwanon abinci ne mai laifi.

"Ke Amarya, mi kika ba shi?"

"Fura da nono ce kawai, Gwaggo."

"To, nonon ne! A tsai da shi."

Gobe Inna ta leƙo ta katanga ta ce ƙuli-ƙuli ne. Jibi a tuna ya ci kifi ya kora da nono, wanda a wurinmu ya kusa kai laifin sata. Ƙwai kuwa dama ba a cika ba yaro ba. Kafin mako ya zagayo an bar shi da kunu zalla, ƙaiƙayi na nan daram, ga rama ta samu wurin zama.

Ba mai tuhumar hunturu da ke busar da fata har ta tsage. Ba mai tuhumar sabulun wanki da soson da muke dirje jariri da shi. Sai a aika kyamis a sayo man bututu, a kwaɓa da basilin, ƙuraje su lafa, a daina su dawo da ƙarfinsu.

Ba wai Gwaggo ta yi ƙarya ɗungurungum ba. Cikin yaran da wannan ciwon fata mai bushewa da ƙaiƙayi ya tsananta musu, kusan ɗaya cikin uku jikinsu na bori da wani abinci, galibi madara, ƙwai ko gyaɗa. Amma shi wannan bori galibi ba ya ɓuya: da an ci, ba a jimawa sai ruɗu-ruɗu, kumburin leɓe ko amai. Wanda nono ke sa wa kumburin ciki da zawo kuwa, matsalarsa ta hanji ce, ba ta fata ba. Har ma wani bincike da aka yi a Landan, aka fitar a 2015, ya nuna jariran da aka fara ba gyaɗa da wuri sun fi tsira daga borinta a kan waɗanda aka hana.

Don Allah Gwaggo, a shafa masa man kaɗanya bayan wanka, a rage dirza. In kina zargin nono, ga asibiti a Gwandu, ga Kalgo, ga Birnin Kebbi. Likita ya duba kafin a ɗauke masa ƙwaryar furarsa.