Yadda Ake Cire Gilashin Bayan Akori-kura a Jos Ba Tare da An Kwashe Shi da Tsintsiya Ba

A Sakkwato ko Maiduguri, wanda ya liƙa wa gilashin motarsa baƙar leda yana da hujja a hannu, wato rana. A Jos hujjar nan ba ta da ƙafar tsayawa. Garin yana zaune ne a kan tsauni, sama da mita 1,200, kuma a watan Disamba direba kan fito da asuba cikin rigar sanyi biyu yana roƙon Allah rana ta leƙo. Amma duk da haka, da zarar mai akori-kura ya yi sawu biyu masu albarka na dankalin Bokkos, sai ya lura gilashin bayan nan ya cika haske, kowa na ganin ƙeyarsa. Kada a tuna masa cewa buhunan dankalin sun riga sun toshe gilashin tun daga gona. Magana ce ta rufin asiri, ba a sa mata baki.

Abin da za a fara dubawa shi ne me ke riƙe da gilashin. Tsofaffin motoci, irin su Peugeot 404 da 504 da kowa ke kira Fijo, waɗanda masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta cika hanyoyin Arewa da su, da kuma tsofaffin Hilux, roba ce kawai ke riƙe da gilashinsu. Tana da tsagi biyu, ɗaya ya kama gilashi, ɗaya ya ciji leɓen ƙarfen mota. Da yawa daga cikin sababbin motoci kuwa da gam aka liƙe nasu, ba ya fita sai an yanka gam ɗin da waya. Wanda nasa na gam ne ya bar kaza cikin gashinta, ya kwantar da kujera a liƙa ledar daga ciki. Sauran bayanin na masu roba ne.

Su ma ba dole ba ne. Ana cirewa ne saboda wurin matsattse ne, kujera ta tokare, hannu ba ya kai wa kusurwa, sannan ledar da aka yanka a bakin roba kan bar wani siririn haske a gefe, wanda ba mai ganinsa a duniya sai mai motar, shi kuma ba zai sake ganin komai ba sai shi. In aka cire gilashin, bakin leda ya shige ƙarƙashin roba, aiki ya fito kamar daga kamfani.

Kafin a taɓa komai, a fara zuwa kasuwar Dilimi a tabbatar akwai sabuwar roba irin ta motar. Robar da ta shekara talatin tana shan hunturun Filato ba ta fita da mutuncinta. Mutum kan ga motoci a garejin Farin Gada an toshe bayansu da kwali da salatif, ba don gilashi ya fashe ba, sai don roba ta rabu gida uku kuma ana jiran wata daga Legas.

Sai zaɓen rana. Hunturu abokin gaba ne ta fuska biyu: sanyi kan sandarar da roba ta koma kamar busasshen ganda, ƙura kuma ba ta da abin da take so irin jiƙaƙƙen gam ɗin leda. Ƙwayar ƙura ɗaya ta shiga tsakani, ta zama ƙurji na har abada. Damina ma ba ta da tabbas, domin Jos gari ne da ake ruwa da ƙanƙara, kuma motar da ba gilashi a bayanta ba ta da bambanci da baho. A samu shago mai ƙofa, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a shanya sabuwar robar a rana ko a jiƙa ta a ruwan ɗumi.

Aikin na mutum uku ne. Ɗaya a ciki, ɗaya a bodi, na uku kuma aikinsa korar 'yan kallo, musamman dattijon nan da ba a rasa shi a kowane gareji, wanda zai ce, "Yaro, kawo sukudireba, mu a zamaninmu minti biyu ne." A gaishe shi da ladabi, a ce, "Baba, a yi mana addu'a dai," a kuma ɓoye sukudireban. Dalili shi ne gilashin baya ba irin na gaba ba ne. Na gaba falle biyu ne da roba a tsakani, in ya tsage yana nan a tsaye. Na baya gasa shi aka yi, fuskarsa na jure duka, amma bakinsa ba ya son ƙarfe ko kaɗan. Taɓawa ɗaya a gefe, sai a ji tas, ya zube kamar tsakin masara, wasu ƙwayoyin kuma za a ci gaba da tsintar su cikin kujera har motar ta canza hannu.

Na ciki zai zuba ruwan sabulu a kewayen roba, ya riƙa ɗaga leɓenta da tsinken katako ko guntun roba mai tauri, yana tura shi bayan ƙarfe, daga kusurwar sama. Ƙwararru kan cire takalmi su kishingiɗa, su dafa tafin ƙafa a kusurwar, su tura a hankali kamar mai tashin maigida daga barci. Na waje ya tara hannu biyu. Kada ya amsa waya. Yawancin gilasan da suka mutu a wannan mataki ba turi ne ya kashe su ba, wani ne ya kira yaron mota daga gida.

Da ya fito, a shimfiɗa shi kan tsohon bargo, a yi wa fuskar waje alama da salatif. Wannan ya fi kama da wasa har sai an ga wanda ya gama aiki tsaf, ya ɗaga gilashi, ya gane ledar na waje, inda ruwa da buhu da farcen yaran unguwa ke jiran ta. A ciki ake liƙa ta. A wanke, a kankare da sabuwar reza, sai fa in gilashin na da siraran wayoyin nan masu korar raɓa, waɗanda reza ke yankewa. A fesa ruwan sabulu har ya yi yawa, a ɓare fatar ledar, a fesa mata ita ma, a ɗora, sannan a riƙa koro ruwan daga tsakiya zuwa gefe. Wanda ba shi da abin gogewa na gaske, tsohon katin banki da aka naɗe da ƙyalle ya isa. Ga wasu ma wannan ne amfani mafi girma da katin ya yi a watan. A rage bakin ledar kaɗan daga gefen gilashi, don kada roba ta tattare ta wajen shiga.

Game da ledar kanta, mai arahar nan da ake aunawa da kamu tana fara rayuwa baƙa wuluk, ta ƙare da launin ruwan zoɓo da kumfa-kumfa. Kuma mai lamba 5, wadda kashi biyar cikin ɗari na haske kawai take bari ya wuce, tana da kyau da rana. Da dare mai ita zai yi ribas da ƙofa a buɗe, rabin jikinsa a waje.

A bar ta ta sha iska, in da hali ta kwana, don a sanyin Jos ba ta saurin kamawa. Sannan a zo kan igiya, wadda ita ce ainihin sana'ar. A sa wa gilashi robarsa. A samu igiya mai santsi da ƙarfi, irin ta shanya, a cusa ta cikin tsagin waje na robar ta kewaye gilashin duka, bakunanta biyu su gitta juna a ƙasa daga tsakiya. A shafe komai da ruwan sabulu, ban da man inji, wanda ke cin roba. Na waje ya ɗora gilashin a mazauninsa, bakunan igiya na lilo cikin mota. Na ciki ya fara jan baki ɗaya a hankali, yana karkata hannu wajen tsakiyar gilashi, sai a ga leɓen robar na tsallako ƙarfe kaɗan-kaɗan kamar ana zuge zif. Na waje na bin sa da tafin hannu, yana dannawa daidai inda igiya ta kai. A kusurwa ake jin jiki: a riƙa murza igiyar ana kewayawa, kada a fizga, don igiyar da aka fizga yanka roba take yi. A ci ƙasa, a hau gefe biyu, a gama a sama. In ta zame a kusurwar ƙarshe, kuma takan zame, a cire a sake daga farko, a bar zagi sai baba ya tafi salla. Daga nan a kwara bokitin ruwa daga waje, wani na ciki yana duban inda zai tsattsafo.

Saura takarda. Tun 1991, zamanin Babangida, akwai dokar da ta hana baƙin gilashi sai da dalilin lafiya ko na tsaro, hukuncinta tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata shida. Tarar a yau ba ta kai kuɗin galan ɗin fetur ba, amma wata shida yana nan yadda yake. A 2021 shugaban 'yan sanda Usman Alkali Baba ya dakatar da ba da izinin sa baƙin gilashi, a 2025 magajinsa Kayode Egbetokun ya dawo da shi ta intanet, ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa kuma ta garzaya kotu. Ga gari kamar Jos, da hanyoyinsa ke cike da shingen bincike, daga Mararabar Jama'a zuwa Hawan Kibo, mai baƙin gilashi ya saba da jin, "Direba, faka da kyau." Zai ce, "Ranka ya daɗe, ai na baya ne kawai." Za a ce, "To na bayan muke son gani."

In ba takarda, ledar da aka yi yini biyu ana lallaɓawa takan fita a bakin titi cikin minti uku, da farcen mai ita. Sai dai ba duka take fita ba. Bakin nan da aka sha wahala aka cusa ƙarƙashin roba yana nan, ya kewaye gilashin kamar kwalli, kuma ba ya ciruwa sai an sake fitar da gilashin. Saboda haka igiyar shanyar nan kada a mayar wa uwargida, a naɗe ta a ajiye bayan kujera kusa da jak.