Bayani a Kan Biranci, Don Amfanin Mutanen Gidan Goga

Biranci ba yare ba ne. Na fara da wannan ne saboda kawuna, da ya ji kalmar a bakin ma'aikacin wani babban otal a Kano, ya zaci harshen wasu mutane ne kamar Zabarmanci ko Dakarci, har ya ba da haƙuri ya ce shi Hausa kaɗai yake ji. Ba shi kuma da dangantaka da biri. Abinci ne. Tunda akan kira manoman Maradun da Bakura da Talatar Mafara taron bita a birni, a sauke su a irin waɗannan wurare, dole a yi bayaninsa dalla-dalla, domin na ga dattijon da rumbunsa ke cike da gero ya tashi daga gaban abinci iri-iri da yunwarsa.

Daga Ingila kalmar ta fito. A 1895 wani marubuci mai suna Guy Beringer ya yanko kan kalmar karin kumallo ta Turanci, ya ɗinka mata wutsiyar kalmar abincin rana, ya kawo shawarar a riƙa cin abu ɗaya a madadin biyun ran Lahadi, saboda waɗanda suka raba dare ran Asabar ba sa iya sammako. Wato kalacin hantsi ke nan. A Gidan Goga an san shi tun kaka da kakanni: shi ne furar da yaro ke kaiwa gona bayan rana ta ɗaga, a jingine fartanya, a zauna gindin tsamiya ana miƙa ludayi. Kada kowa ya shiga otal yana jin baƙo ne a wannan fanni.

Abin da ya bambanta shi ne tsari, kuma daga bakin ƙofa yake farawa. Wani saurayi mai baƙar kwat zai tare ka ya ce, "Yallaɓai, lambar ɗaki?" Lambar kawai yake so. Kawu ya tambaye shi kwanan gida da gajiya da ya iyali, layi ya taru a bayanmu. Shawarata ita ce a gaishe shi, don ɗan mutane ne, amma a tsaya a gaisuwa biyu.

Daga nan sai babbar ƙa'ida, wadda ita ce ta bar dattijon can da yunwa: ba mai kawo maka. A gida maigida zama yake a kan buzu, a kawo kwano a durƙusa a ajiye. A nan wanda ya zauna jira zai jira har a kwashe. Sunan tsarin bufe, ma'anarsa ɗebi da kanka. Za ka ga kwanonin ƙarfe masu murfi a jere, kowanne da 'yar wuta a ƙarƙashinsa. Ka ɗauki faranti ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana ɗaga murfi. Na san tarbiyyarmu ta hana namiji leƙa tukunyar da ba a ba shi ba, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma kuɗin wannan leƙen yana cikin kuɗin ɗaki.

Akwai wani busasshen abu ruwan ɗorawa a cikin tulun gilashi, ana ce masa kwanfilas. Masara ce aka dafa, aka daddanne ta fale-fale, aka gasa. Kamfanin Kellogg, wanda aka kafa a 1906 a garin Battle Creek na Amurka, shi ya yaɗa ta a duniya. Wanda ya san ƙanzo ya san ta, sai dai ita da madara mai sanyi ake jiƙa ta, kuma ba ta jiran hira; ka tsaya gaisawa da wani, ka dawo ka tarar ta zama kunu. Kusa da ita akwai wake da aka dafa da tumatir da sukari. Ba kuskuren mai girki ba ne, kada a kira shi a yi masa nasiha. Sai wani lanƙwasasshen burodi mai siffar jinjirin wata, na mutanen Faransa. Yana da daɗi ƙwarai, amma rabinsa iska ne, biyar ɗinsa ba su kai hoce ɗaya riƙe ciki ba. Naman da aka cusa cikin 'yar fata doguwa kuwa, a tambayi na mene ne kafin a ɗiba, musamman in tafiyar ta kai ƙasashen waje.

Mutumin da ke tsaye da doguwar farar hula a bayan kasko, aikinsa ƙwai. Zai tambaye ka yaya kake so. Ka ba shi amsar da kake ba mai shayin tashar Talatar Mafara: da albasa da attaruhu, ya soyu ciki da waje. In ka yi shiru, zai iya miƙo maka ƙwai da gwaiduwarsa ɗanya tana kallonka.

Maganar cokali mai yatsu ita ce ta fi damuna, don ta shafi addini. Za ka tarar an ajiye shi a hagun faranti, wuƙa a dama, kuma Turawan Ingila da hagun suke kai loma. Mu ba ma yin haka, kuma akwai mafita wadda ba mai kallonka a kanta. Ka yanka abin da za ka yanka, ka ajiye wuƙar, ka mayar da cokalin hannun dama. Haka Amurkawa ma suke ci. Farin ƙyallen da aka naɗe a gefe na goge baki ne, a kan cinya ake shimfiɗa shi.

Kofin shayinsu ƙarami ne, ba kuma mai sheƙa maka shi ya huce. Ana iya ƙarawa sau nawa aka ga dama.

Kada a cika faranti tun daga farkon layi. A can ƙarshe, a otal-otal ɗin Kano, sau da yawa akwai koko da ƙosai da waina, kuma ba mamaki shinkafar wainar daga gonakin Bakalori ta fito, madatsar ruwan da aka kammala a 1978 a ƙasarmu. Guzuri ne kawai aka hana: abin da ka ɗiba a nan za ka cinye shi, ba a sa wa yara a aljihu.

Fura ce babu. Kawu ya zagaya layin sau biyu, ya kira saurayin nan ya ce, "Ɗana, ina hurar?" Yaron ya ce, "Baba, sai dai yogot." Kawu ya ce a kawo. Ya zura hannu a jakarsa ya fito da curin fura uku da ya saya jiya da yamma a bakin titi, ya marmasa su a kwanon da ake cin kwanfilas, ya zuba yogot da ruwan sanyi, ya dama da bayan cokali har gudajin suka mutu. Sannan ya ɗaga kwanon ya juya ga wani Bature da ke teburin kusa ya ce, "Bismillah." Baturen ya yi murmushi ya girgiza kai. Saurayin kuwa ya waiga dama da hagu, ya je ya dawo da kofin shayi guda, ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu.