Gaton ɗinya da haƙorin surukina

Wayar hannu ce ta ja mini. Wani dare cikin kaka ina kwance a tsakar gida a Dungas, sai na ci karo da hoton wata tsohuwa 'yar Amurka tana haɗa wani gato da suke kira kobla. Ta zuba wasu 'ya'yan itace baƙaƙe a ƙasan faranti, ta barbaɗa sukari, ta lulluɓe da kwaɓin fulawa, ta tura a murhu mai zafin digiri 180. Bayan minti 40 abu ya fito yana tafarfasa ta gefe. Da Ingilishi take magana, ni kuwa Faransanci na yi a lakwal, saboda haka da ido na yi karatun.

'Ya'yan itacen, bulubari, na ƙasashen sanyi ne. Tun 2011 da aka yanke Dungas daga Magarya aka ba mu gundumarmu, ban ga wanda ya kasa su a kasuwa ba. Amma na ƙura wa hoton ido na ce, ashe ɗinya ce ba ta girma ba! Washegari na sayi ɗinya rabin tiya, nunanna, mai laushi.

Maiɗakina ta tafi biki Bande, wannan ya ba ni filin madafa. Gwaggo da ke zaune tare da mu ta leƙo ta ce, "Mushe, in zaƙi kake so, ga garin magarya nan, in yi maka akuri." Na ce, "Gwaggo, wannan aikin ilimi ne." Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta jawo kujera ta zauna inda za ta ga komai.

Tsohuwar ta auna da ɗan kofi, ni na auna da moɗar randa. Ta zuba wata farar hoda mai sa kumburi, ni na jiƙa kanwa, tunda ita ma tana kumbura ɗanwake. Murhun Turawa babu, sai na yi dabarar matan gari: rairayi a gindin babbar tukunya, kwanon kwaɓi a kai, murfi, garwashi bisa murfi. Har nan ban yi laifi sosai ba. Laifin shi ne ban iya haƙuri ba. Sau shida ina ɗaga murfin in leƙa, kowace ɗagawa toka ta zuba ciki, ni kuma in hura, ta ƙara bazuwa.

Da na sauke, sama ya ƙone, tsakiya ɗanye, launinsa tsakanin kore da tawadar allo. Ƙamshi dai akwai, wannan ko Gwaggo ba ta musa ba. Ƙamshin ne ya ruɗe ni na yanki gefen da ya fi kyau, na sa a kwanon sha mai murfi, na aiki yaro ya kai wa surukina, ban ko ɗanɗana ba.

Sai da na kai loma ta farko baki na ji ƙas! Nan na tuna abin da kowane yaro mai kiwon awaki ya sani: ɗinya kusan duk ƙwallo ce, naman ɗan kaɗan ne a jikinta. Ita bulubari ashe ba ta da ƙwallon da za a cire. Na dubi Gwaggo. Ta ce, "Na gani tun ɗazu. Na ɗauka cikin ilimin ne."

Bayan la'asar yaro ya dawo da kwano a wanke, da tukuicin dala ashirin, da wani ƙulli a leda. Na kwance, ƙwallayen ɗinya ne goma sha bakwai, an tsotse su tas.

"Baba ya ce a gaishe ka, an gode. Ya ce ga irin nan, ko za ka shuka baɗi."

Na ce, "Shi ke nan abin da ya ce?"

"Ya ce haƙorin kuwa nasa ne, shi ya sa bai haɗo da shi ba."